Malachy da Gorar Kantin Kafet

A ƙauyenmu, can kudu da Ballymote a yammacin Ireland, don an ce wane ya iya busa sarewa ba a faɗi komai ba tukuna. Gidan da ka duba bayan agogon bango ba ka ga sarewa ba, to aro aka ba da ita. Abin da ake tambaya shi ne da wa mutum yake busawa. Malachy Lavin kuwa tun yana saurayi amsarsa ɗaya ce: da Bartley Brehony mai akwati, ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a ɗakin girkin da ke bayan mashayar gwauruwar Cawley.

Akwati muke ce wa abin kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai, wanda ake rungumewa a ƙirji ana ja ana matsewa. Mai goge yana da abin murɗawa ya ɗaga murya ko ya sauke, mai sarewar katako yakan zare gaɓar sama kaɗan ko ya tura ta ciki, amma akwati yadda maƙerinsa ya bar shi haka yake. Don haka shi ake bi. Bartley zai danna maɓalli guda ya ja dogon sauti, kowa ya karkatar da kai ya gyara nasa, sannan a tashi kiɗa. Akwatin na ubansa ne, ya tsufa har fatar zugazuginsa ta sha faci, kuma babu wanda ya taɓa tambayar ko muryarsa daidai take da ta sauran duniya. Mu dai ita ce daidai ɗinmu.

Malachy direban motar madara ne, yana bin gonaki da sassafe yana kwasar garewani. Dogo ne mai manyan kunnuwa, magana ba ta dame shi ba. Shi ba gwanin da ake zuwa kallo ba ne, kuma bai taɓa son zama haka ba. Abin da yake jira duk mako shi ne lokacin nan da kiɗa ke haɗuwa har mutum ya kasa gane wace murya ce tasa a ciki. Ya taɓa gaya wa matarsa Attracta cewa nan ne kaɗai yake hutawa da kansa. Ta ce ita ma nan ne kaɗai take hutawa da shi, don haka kowa ya samu.

Sarewarsa ta kawunsa ce, ta icen kokas mai duhu da nauyi, irin wanda ake kawowa daga Jamaika. Yana dab da shekara hamsin leɓensa na ƙasa ya fara ƙaiƙayi duk ranar Litinin. Daga ƙaiƙayi sai kumburi, daga kumburi sai bororo mai ruwa, har shan shayi ya zama aiki. Da Attracta ta gaji da kallonsa yana hura kofi yana yamutsa fuska, ta tasa shi gaba zuwa wurin likita.

Likitan ya duba, ya ce, "Me kake ɗorawa a daidai nan?"

"Shayi, likita. Sai kuma 'yar giyar da ba a rasa ba ranar Asabar."

"Ranar Lahadi fa?"

Malachy ya kau da kai. Attracta ce ta amsa wa likitan, "Sarewa. Tun daga azahar har shanu su gaji da jira."

"To ita ce. Icen ne jikinka ya ƙi."

"Icen da na fi shekara talatin ina busawa?"

"Shi ɗin. Jiki yakan yi ta haƙuri, ran da ya ce ya gaji kuma ba ya komawa baya."

Malachy bai yarda ba, wa zai yarda? Ya shafe bakin sarewar da jan farcen Attracta, leɓen ya ɗan lafa, sai bororon ya koma kan yatsu. Ya ari ta baƙin ice wurin maƙwabci, ashe dangin juna ne, kafin Talata fuskarsa ta haye. Wani ya kawo masa ta ƙarfe mai maɓallai irin ta 'yan faretin gari, ya gwada ya ce wannan ai keken rubutu ne, ba inda yatsa zai zame ya lanƙwasa sauti. Ƙaramar ta kwano kuwa da 'yan makaranta ke koyo da ita, yatsunsa sun fi ramukanta. A ƙarshe Attracta ta naɗe sarewar kawun a tsohon tawul ta aika wa ɗan ƙanen Malachy a birnin Leeds, don ta san muddin tana gidan sai ya koma mata.

Ya ci gaba da zuwa ranar Lahadi, yana zama a kujerarsa ta gefen Bartley hannu rabbana, da kofin baƙar giya a gabansa har ta huce. Abin tausayi ne, kuma duk mun ji tausayin.

Gora ta shigo rayuwarsa ne ta hanyar kafet. Attracta ta sayi sabon kafet na ɗakin baƙi a wani kanti a Sligo, kuma a zamanin nan a jikin doguwar gora ake naɗo su daga masana'anta. Da aka shimfiɗa, ta ce a ajiye mata sandar ta tokare igiyar shanya. Malachy ya ɗauka zai fita da ita, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya leƙa cikinta, ya tsaya a bakin ƙofa ruwa na zuba masa a kai.

"Kai kuma lafiya? Waliyyi ka gani a ciki?"

"Ina zarto?" shi ne duk abin da ya ce.

Ya yanka ta yadda bangon gaɓa guda zai zama shi ne toshiyar kai. Sauran gaɓoɓin ya fasa su da dogon ƙarfe da ya gasa a murhu, ya goge cikin da takardar yashi ɗaure a sanda. Da ƙarfen tonon wuta ya ƙona ramin busawa, da manyan ƙusoshi ya ƙona shida na yatsu. Gidan ya ɗauki ƙauri har cikin burodi. Ya shafa mata mai, ya naɗe ƙarshenta da zare kada ta tsage, ya busa. Muryar da ta fito mai laushi ce, da ɗan huci a cikinta, ba ta da kaurin ta katako amma tana da daɗi. Ya yi ta busa har yamma. Washegari ya tashi ya shafa leɓensa ya ji shi lafiya lau, ya zauna a bakin gado ya yi kuka kamar yaro.

Murnar ba ta kai mako ba. Ranar Lahadi Bartley ya ja sautinsa, kowa ya gyara, Malachy ya busa ya ji yana ƙasa, kuma babu abin zarewa ko turawa, don gora guntu ɗaya ce. Aka tashi kiɗa ya bi. A ƙananan sautuka da dama-dama, amma da take ya hau sama sai gorar ta kama wata hanya daban, muryarta na gogar ta akwati har haƙoran mutum su yi tsami. Da ƙyar aka kai ƙarshe.

Yanzu, da a wani wuri ne, da wani ya ce masa, "Malam, abin nan naka bai daidaita ba," a yi dariya a wuce. Amma mutanenmu gara su kashe ka da kirki da su gaya maka gaskiya a gaban jama'a. Gwauruwar Cawley ta goge hannu a zanen girkinta ta ce, "Kai, Malachy, wannan abu da murya yake! Ai ɓata shi ake yi a cikin hayaniya. Ba mu guda kai kaɗai mu ji da kyau." Kowa ya ce haka ne, haka ne, masu goge suka kwantar da nasu a cinya. Ya busa shi kaɗai, aka tafa, aka sayo masa giya. Sannan Bartley ya tashi wani taken da sauri, kafin Malachy ya ajiye kofi an yi nisa.

Haka abin ya zauna. Duk Lahadi sai a ba shi filinsa, a yi shiru, ya yi guda ɗaya ko biyu, a yaba, a koma kiɗa ba da shi ba. Labari ya bazu cewa akwai mai busa gora a ƙauyenmu. Da bazara baƙi daga Jamus da Amurka suka riƙa zuwa da na'urar ɗaukar murya, a jawo masa kujera tsakiyar ɗaki, mutumin da duk burinsa kada a ji shi daban. Yara suka sa masa Malachy Gora. In ya bar ta a gida a ce ina abin namu, baƙi sun zo dominta. In ya zo da ita a zaunar da shi shi kaɗai. Gaba kura, baya siyaki. Ya tsani tafin nan, kuma ba shi da bakin cewa ya tsana, tunda alheri ake yi masa.

Ya koma kantin kafet ya roƙi mai kantin ya riƙa tara masa gororin. A nan ya gane halin abin da ya ɗauko wa kansa. Katako maƙeri ne ke ba shi ciki yadda yake so, mai faɗi a sama yana tsukewa a ƙasa, kuma tsukewar nan ce ke sa sautin sama da na ƙasa su shirya. Gora kuwa da cikinta take zuwa. Wata mai faɗi, wata ƙwai-ƙwai, wata kaurin jikinta a gefe ɗaya ya fi na ɗayan, don haka awon da ya yi daidai a wannan ƙarya ne a waccan. Ga shi rami ana ƙara masa faɗi murya ta hau, amma ba a rage shi. Ƙarfe ya ɗan daɗe a wuri, shi ke nan, aikin mako ya zama abin tokare wake a lambun Attracta. Lambun nan ya sha sarewu, ba wake a gundumar da ya kai nata gata.

Wata Laraba bayan ya ajiye mota ya bi ta gidan Bartley, ya same shi yana cin dankali da kabeji shi kaɗai, don matarsa ta rasu, 'yarsa Dympna kuma tana aikin jinya a Boston, can Amurka.

"Zauna, Gora. Ka ci abinci?"

"Na ci. Bartley, don Allah gaya min gaskiya. Yaya abin yake a kunnenka?"

"Daɗi gare shi, kowa ma ya faɗa."

"Ban tambayi kowa ba, tsohon banza. Kai na tambaya."

Bartley ya ajiye cokali, ya duba ƙofa kamar gwauruwar Cawley na laɓe a bayanta. "To tunda ka matsa. Ka taɓa jin an taka wutsiyar kyanwa ana tsakiyar addu'a?"

Malachy ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Allah ya yi maka albarka. To ga abin da nake so. Zan riƙa zuwa da gora da ƙarfe, in gasa a murhunka. Kai ka riƙe min sauti guda, ni in ƙona rami har su haɗu."

"A ɗakin girkina? Ka mayar min da gida maƙera?"

"Wa ke gare ka da zai yi ƙorafi? Kare?"

Ba wata ɗaya suka yi ba, ba shekara ɗaya ba. Duk Laraba da la'asar Bartley na zaune rungume da akwati yana jan sauti ɗaya har kafaɗarsa ta ƙage, Malachy na tsugune gaban murhu yana taɓa bakin rami da jan ƙarfe, ya busa, ya saurara, ya sake taɓawa. Ya koyi karkatar da ƙarfen ya ci cikin ramin ba tare da faɗaɗa bakinsa ba. Ya koyi zaɓar gorar da ke tsukewa da kanta zuwa ƙasa. Ya koyi ɗumama ta a cikin rigarsa kafin ya gwada, don ɗakin gwauruwar Cawley da zafi yake, kuma zafi na ɗaga murya. An samu wata da ta kusa, ya ɗora ta a saman murhu don mai ya shige ta da wuri, suna shan shayi suka ji ƙas! ta tsage daga kai har gindi. Bartley ya ce irin zagin da ya ji ranar ko a kasuwar shanu bai taɓa ji ba.

Ana haka mai kantin kafet ya ce masa, "Malachy, kwashi waɗannan, daga su babu sauran. Yanzu a jikin kwali suke naɗowa." Ya zagaya garuruwan Boyle da Carrick har Castlebar, ko'ina kwali. Gorar da ake sayarwa don lambu kuwa siririya ce, ba ta fi ɗan yatsa ba. Ya dawo da 'yan ragowar ya jingina su a bayan ƙofa, kowace ya ɗauka sai ya juya ta sau goma kafin ya yanka, ga shi lokacin ya bar aiki, ido ya fara ja baya.

A ta kusa da ƙarshe Allah ya ba shi. Ranar Lahadi Bartley ya ja sauti, Malachy ya busa, sautukan biyu suka kwanta a kan juna ba ko motsi. Aka tashi kiɗa ya shiga, aka hau sama ya hau tare da su, aka sauko. Da aka kai ƙarshe babu wanda ya tafa, babu wanda ya yabe shi. Wani mai goge ya juyo ya ce, "Wane take za mu bi da shi, Malachy?" A nan ya san ya dawo gida. Ya yi damina da sanyi da bazara guda a haka, har ƙiba ya yi, Attracta ta ce ta manta ashe yana da haƙora.

Sai Dympna ta zo hutu, lokacin da ubanta ya cika saba'in. Yarinyar kirki ce, kuma abin da ta yi don ƙauna ta yi shi. Ta ga ubanta yana fama da akwati mai faci, iska na fita ta gefe, ta ɗauke shi a ɓoye ta kai wani kanti a Galway, ta ba da shi ta cika kuɗi ta karɓo sabo fil, ja mai ƙyalli. Ranar Lahadi ta shigo da shi ɗakin girkin da kanta, ta ɗora wa uban a cinya a gaban kowa. Bartley ya yi ta shafa shi, ita kuma ta tsaya a bayansa hannunta a kafaɗarsa tana hawaye tana dariya.

"Ja mana, Baba, mu ji."

Ya danna maɓallin da ya saba, ya ja. Masu goge suka karkatar da kai, suka dubi juna, kowa ya kama murɗawa yana saukewa. Masu sarewar katako suka zare gaɓar sama. Malachy ya ɗaga gorarsa ya busa a hankali, ya ji tana can sama, ba kaɗan ba. Ya mirgino ta ciki, ya sunkuyar da kai, ya rage iska har muryar ta mutu, duk da haka bai iso ba. Da a ce ƙasa take da ya ƙara wa ramukan faɗi. Sama take, kuma abin da wuta ta ci ba ya dawowa.

Dympna ta ce, "Ai mai kantin dariya ya yi ta yi. Ya ce tsohon akwatin nan muryarsa ta yi sama da ta kowa a duniya, ya ce wane ƙauye ne suka yarda suna bin wannan?"

Aka yi dariya, don abin dariya ne: shekara da shekaru gari guda na kan kuskure ɗaya, kuma duk cikinmu mutum ɗaya ne ya ƙona kuskuren a jikin abin da ba ya gyaruwa.

Bartley bai yi dariya ba. Ya sunkuyo kamar yana gyara maɗauri, ya ce ƙasa-ƙasa, "Gobe zan aika Galway. In mai kantin bai sayar ba a dawo min da abina."

"Ka aika ka ce me? Kyautar 'yarka ba ta yi ba?"

"To kai fa?"

"Dube ta, Bartley. Yarinyar nan ɗaga majiyyata take yi a ƙasar mutane don ta ga wannan ranar. In ka aika, babu ni babu kai har abada."

"Sai mu koma murhu ranar Laraba."

"Da wace gorar? Guda ta rage, ita ma a tsage take."

Ta gefen ido Malachy ya ga gwauruwar Cawley ta fara goge hannu a zanen girkinta, ta buɗe baki. Ya san abin da ke tafe, kuma ya ji a ransa in aka sake jawo masa kujerar nan tsakiyar ɗaki ba zai ƙara tako wurin ba. Ya riga ta. Ya ɗaga murya ya ce, "To me ake jira? Ja mu tafi, tsoho, mu ji abin da Amurka ta saya."

Bartley ya tashi kiɗa, kowa ya shiga. Malachy ya ɗora gorar a leɓensa, ya rufe ido, yatsunsa suka kama tashi da sauka, kowane ado a wurinsa, ƙafarsa na buga ƙasa tare da na kowa. Iska ce kawai bai saki ba. Wanda ke zaune kusa da shi ba abin da yake ji sai ɗan taf-taf na yatsu a kan ramuka. Masu kiɗan duk sun gane tun kafin a juya take, kuma kamar yadda kuka san halinmu, ba wanda ya ɗaga kai. Haka ya yi ranar, haka ya yi kowace Lahadi da ta rage masa, yana kujerarsa ta gefen Bartley, ba a kuma sake roƙonsa ya yi guda shi kaɗai ba.

Da aka tashi ranar, ana neman riguna za a koma ga shanu, Dympna ta zo ta rungume shi.

"Kawu Malachy, Baba ya rubuto min irin wahalar da ka sha a kan gorar nan. Yau na kasa kunne musamman don in ji ka. Na rantse ko sau ɗaya ban iya raba muryarka da tasu ba."

Malachy ya zura sarewar cikin aljihun kwat ɗinsa, ya ɗaura maɓalli.

"Haka ake so, 'yata," ya ce.